Gemun Naz da Ƙanƙarar Rufin Resi

Tun ina saurayi nake aski a ƙauyenmu na Faltrin, kuma babu kan da bai bi ta hannuna ba, daga na Fada, limamin cocinmu, har na jariran da ake kawo min suna tsala ihu. Abu ɗaya ne ya gagare ni: gemun Naz. Gemu ne ja, mai faɗin faranti, ya sauko har cibiya. Kullum da safe mai shi yakan bi ta ƙofar shagona yana shafa shi da gangan, ya leƙo ya ce, "Valtl, almakashinka na nan lafiya?" Ni kuwa in haɗiye yawu in ce lafiya lau.

Naz ɗan Inna Burga ne, wadda ta yi shekaru tana sharar coci tana jan kunnen yaran garin nan. Babu dattijon da ke Faltrin yau da kunnensa bai ɗanɗana yatsunta ba. Mace ce mai tsinin haɓa da siririn leɓe, in ta kalle ka sai ka fara tuno laifin da ba ka ma yi ba tukuna. Ko da ta rasu, an daɗe ana rage murya in an zo wucewa ta ƙofarta. Ɗan nata kuwa tun da gashin farko ya tsiro masa a fuska bai bari reza ta taɓa shi ba. Matarsa Zenzi ma a cikin gemun ta aure shi, ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashi ba.

Da gemun ya tsaya a ado da an huta. Amma Naz ya ce gemun nasa yana jin ƙanƙara. Wai in za ta zaftare daga kan dutse, gefen hagu ne ke masa ƙaiƙayi, in kuma ta zauna daram sai gemun ya kwanta luf. Abin da gemu bai gane ba kuma, harshe ke ƙarasawa.

A shekarar da nake ba ku labari, Baba Hias ya sauka daga kujerarsa a cikin dattawa ukun da ke duba mana ƙanƙara, waɗanda ke cewa wane gangare za a hau da katakon zamiya da muke ɗaurawa a ƙafa, wane za a bari. Gwiwoyinsa sun ƙi. Naz ya sa wa kujerar ido. Sai kuma aka kwana biyu ana zuba ƙanƙara ba ƙaƙƙautawa, iska ta tara ta a gangaren da muke kira Wuyan Akuya, shugaban dattawan, Kilian, ya ce kada wanda ya kusanci wurin.

Ranar Lahadi bayan an taso coci muka taru a gidan abincin Resi kamar kullum. Naz ya cinye curin burodinsa na cikin miya, ya share gemu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Kilian, tsoro ne ya rufe Wuyan Akuya, ba ƙanƙara ba."

Kilian bai ɗago daga kwanonsa ba. "Mun haƙa mun gani. Ta sama ba ta kama ta ƙasa ba."

"Kun haƙa. Kun ɗanɗana?"

"Mu miya muke ɗanɗanawa."

"To shi ya sa. Ni tun safe gemuna a kwance yake kamar kyanwa a gindin murhu. Yau ɗin nan zan hau, in duba, in kafa muku alamar hanya. In na dawo lafiya, kujerar Baba Hias tawa ce."

"In kuma ba ka dawo lafiya ba?" in ji Resi tana kwashe kwanuka. "Wa zai riƙa cika mana kunne?"

Naz ya miƙe tsaye, ya kama gemun da hannu biyu. "Fada, ka zama shaida. Duk inda na ce ƙanƙara ta zauna, in ta motsa, Valtl ya aske wannan a dandali, a gaban kowa."

Cokali ya faɗi daga hannuna. Zenzi ta ce daga teburin mata, "Maigida, zauna ka sha ruwa." Amma Fada ya riga ya gyaɗa kai, Kilian kuma ya ce shi dai sharaɗinsa ɗaya, kada Naz ya wuce shingen gonar Baba Hias sai ya nuna musu sakamakon gwajinsa. Naz ya ce ai ko makaho ya san da haka ake farawa.

Na ce zan raka shi. Ba don ƙauna ba ne, gaskiya. Tsoro nake kada dutse ya binne gemun nan kafin ya zo hannuna.

Shiri ya ci lokaci. Naz ya aro jakar ceto daga wurin surukinsa, irin wadda in ka ja igiya sai balan-balan biyu su kumbura a bayanka su hana ƙanƙara haɗiye ka. Ya aro shebur. Ya aro ƴar na'urar nan mai kuka da kowa ke ratayawa a ƙirji don a gano shi in ya binnu. Da ya rataya ta sai igiyar ta cije masa gemu, ya cire ta ya ɗaura a wuyan karensa Poldi.

"Naz, a jikinka ake sa ta," na ce.

"Duk inda nake nan Poldi yake. Wannan kare ko bayan gida ba ya bari in shiga ni kaɗai."

Saura sandunan kafa alama. Ya waiga hagu da dama, sai idonsa ya faɗa kan dogayen sandunan da Resi ta jingina a bangon gidan abincinta, irin waɗanda kowa ke jinginawa in ƙanƙara ta yi nauyi a rufi, don mai wucewa ya kauce wa gindin bango. Ya fara tattara su.

Resi ta fito da ludayi a hannu. "Ajiye min sandunana. Ka ga abin da ke kan rufin nan kuwa?"

Naz ya ɗaga kai ya duba. Ƙanƙarar ta kai tsayin mutum, har ta leƙo ta baki kamar leɓen saniya. Ya sa sanda ya tsokano kaɗan, ya tara hannu, ya jefa a baki. Ya rufe ido yana tauna.

"Wannan ta zauna," in ji shi. "Har bikin Ista ba za ta motsa ba."

"Ka ce me?"

"Na ce ta zauna. Ki je ki duba tukunyarki, ki bar wa masu ilimi aikinsu."

Resi ta juya ta dubi Fada, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana cusa taba a lofe. Sannan ta koma ciki.

Naz ya saɓa sandunan a kafaɗa. Ya juya ya yi wa Zenzi sallama, ƙarshen sandunan ya kwashe hular Kilian. Ya juyo ya ba Kilian haƙuri, ɗaya ƙarshen ya kaɗe lofen Fada. Kafin ya sake juyowa kowa ya durƙusa, kamar ana tsakiyar addu'a.

Muka ɗaura katako muka kama hawa, jama'a kuma suka jeru a barandar Resi da madubin hangen nesa. Ni na yi gaba abina. Da na waiwaya sai na ga Naz yana haƙilo wuri ɗaya, gumi na zuba. Fatar da muke mannawa a ƙasan katako don ta riƙe mu a hawa, shi ya manna tasa gaba a baya. In ya tura ƙafa gaba sai ta cije, in ya tsaya numfashi sai ta sake shi. Da ƙarfin tsiya ya hau ɗan tudun bayan coci, ya tsaya ya ɗaga wa jama'a hannu, sai ga shi yana komawa da baya, a hankali, hannun nasa a sama, har ya je ya zauna a cinyar Fada.

"Ka dawo ke nan?" in ji Kilian. "Yaya ka samu Wuyan Akuya?"

"Santsin hanya nake gwadawa. Mai hankali ba ya hawa inda bai san yadda ake saukowa ba."

Zenzi ta zo ta juya masa fatun. Ya ce mata dama yana shirin yi.

Da ƙyar muka isa gonar Baba Hias, wadda ko rabin hanyar gangaren ba ta kai ba. Naz ya zube sanduna, ya zaɓi wani tudu mai kyau a bayan garken shanu, ya ce nan ne ƙanƙara ta fi faɗin gaskiya. Ya kama haƙa. Kowane mataki ya kai sai ya ɗebo ya ɗanɗana, ya juya wajen baranda ya yi shela.

"Ta jiya! Garɗi gare ta, babu mugun nufi."

Ya ƙara haƙawa. "Ta makon jiya. Ɗan gishiri-gishiri. Ta kama ƴar uwarta da kyau."

Can ƙasa sai launin ya sauya, ya koma ruwan ƙasa, ga wani tururi yana tashi. Naz ya yi murmushi irin na wanda ya tsinci abin da kowa ya rasa.

"Valtl, zo ka ga ilimi. Wannan ita ce ta farkon hunturu, uwar ƙanƙara. Taɓa ka ji, har ɗumi gare ta. Ƙanƙarar da ke da ɗumi a gindi hankalinta a kwance yake."

Na ja baya, domin hancina ya riga ya gaya min labari. Shi kuwa ya ɗebo da yatsu biyu ya kai baki. Ya tauna, ya tsaya, ya sake taunawa. A daidai nan taga ta buɗe, Baba Hias ya leƙo da bargo a kafaɗa.

"Wane ne ke tona min taki?"

"Baba Hias, gwaji muke yi," in ji Naz, baki cike.

"Gwajin me? In kana son sanin abin da shanuna suka ci, ka tambaye ni. Ciyawa ce."

Masu madubi suka ba marasa madubi labari, dariyar ta taso daga baranda har inda muke. Naz ya haɗiye abin da ke bakinsa, don ya ga tofarwa zai zama amsa laifi. Ya ce da ƙarfi, "Dama na sani. Ina so ne in tabbatar da inda ƙasa ta fara."

Ya matsa gefe ya yanka ƙanƙara a tsaye kamar tubali, ya ɗora shebur a kai, zai bubbuga ya ga inda za ta tsage. Mutane a hankali suke farawa, da tafin hannu. Naz ya ce wannan wasan yara ne, ya ja baya ya tuma a kan sheburin da ƙafa biyu. Tubalin bai yi komai ba, amma ƙotar ta taso ta gaishe shi a hanci. Ya zauna daɓas, hawaye na gangarowa cikin gemu.

"Ka gani?" in ji shi ta hanci. "Ƙanƙarar da ke ramawa ba ta zaftarewa."

Ya miƙe, ya ɓare fatun daga katakonsa, ya ce yanzu zai nuna wa Kilian yadda ake zamiya a kan amintacciyar ƙanƙara kafin ya wuce sama. Ya saɓa sanduna, ya gyara tsayuwa. Sai muka ji wata ƙara mai zurfi, wum, irin wadda duk ɗan dutse ke jin ta a mafarki ya farka da gumi, ƙarar da ƙanƙara ke yi in ta saki a ƙarƙashin ƙafarka.

Ni da ke kusa na san inda ta fito. Cikin Naz ne ya fara shari'a da takin Baba Hias. Amma shi bai tsaya bincike ba.

"Ta taho!" Ya finciki igiyar jaka.

Balan-balan biyu jajaye suka kumbura a bayansa, kowanne ya kai ɗan maraƙi. Iskar da ke gangarowa daga Wuyan Akuya ta same su kamar an shirya mata, ta juya shi, ta tura. Naz ya tafi. Ya ratsa shingen Baba Hias, ya bi ta bayan nasa gidan ya kwashe zanen gadon da Zenzi ta shanya, zanen ya rufe masa fuska, sandunan Resi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya a gonakin mutane. Poldi na binsa yana haushi, na'urar na kuka a wuyansa. Kajin gidan Fada suka tashi sama. Ya shiga dandali a guje, jama'a suka dare biyu, ya je ya daki bangon gidan abincin Resi, balan-balan suka maido shi, ya sake dakar bangon, sannan ya tsaya.

Na iso ina haki na tarar yana cire zanen gado daga kansa. Ya shafa gemu ya ji yana nan. Ya ɗaga kai ya dubi dutse. Wuyan Akuya na nan fari fat, ko ƙwaya ba ta motsa ba.

"To," in ji shi, yana gyara murya. "Jama'a kun gani da idonku. Na hau, na duba, na sauko. Ta motsa?"

"Ka hau juji dai," in ji Kilian.

"Na tambaye ka, ta motsa?"

"Naz, ko shinge ba ka wuce ba sai da ka karya shi."

"Hassada ce. Fada, ka ji hassada ko? Ku kawo min kujerata."

"Maigida, matso daga gindin bangon nan," in ji Zenzi.

"Ba inda zan matsa. Ni na ce ƙanƙara ta zauna, kuma in na ce ta zauna," ya ɗaga dunƙulen hannu ya naushi bangon, "ta zauna."

Rufin ya yi wani ɗan tari. Duk wanda aka haifa a Faltrin ya san wannan tarin, shi ya sa kafin ƙiftawar ido dandalin ya koma can gefen coci. Naz kaɗai ya tsaya yana jiran tafi. Ƙanƙarar rufin Resi ta sauko gaba ɗayanta, da ta jiya da ta makon jiya da uwarsu, ta rufe shi ruf.

Nan fa wasa ya ƙare, domin ƙanƙarar rufi tana kashe mutum kamar ta dutse. Kilian ya yi tsawa a kawo sanduna a soka a nemo shi. Resi ta ce sandunan suna warwatse daga nan har gonar Baba Hias. Samari suka kunna na'urorinsu na nema, ƙarar ta nuna musu yamma, suka ruga yamma. Ta juya gabas, suka juya. Suka zagaya coci, suka shiga maƙabarta, suka fito ta bayan gidan burodi, Fada na biye da su riƙe da rigarsa, har suka ƙure ƙarar a ɗakin girkin Resi, inda suka sami Poldi a ƙarƙashin tebur da tsiran alade a baki.

Zenzi ba ta bi su ba. Ta zagaya tulin sau ɗaya, ta ga wani jan gashi ya leƙo kamar wutsiyar dila. Ta naɗe shi a hannu, ta kafa ƙafa, ta ce in zo in kama ƙugunta. Muka ja, Resi na tonawa da ludayi. Kan Naz ya fito, ya yi atishawa, ya buɗe ido. Ya ga dukan gari tsaye a kansa.

"Alkawarin na dutse ne," in ji shi. "Ban ce rufi ba."

"Duk inda na ce ta zauna," in ji Resi. "Haka ka faɗa a teburina. Ka kuma ɗanɗana rufina ka ce har Ista. Fada, Ista ta yi?"

Fada ya duba lofensa da ya tsage. "Ko azumin da ake yi kafin Ista ba mu shiga ba."

Aka fito da kujera daga gidan abinci aka kafa a dandali. Ba ta Baba Hias ba ce. Aka lulluɓe Naz da zanen gadon Zenzi, na aika aka ɗauko min almakashi da reza. Na daɗe ina mafarkin wannan rana, amma da na kama gemun na ji shi jiƙe, sanyi ƙalau, mai shi kuma ya yi tsit a karo na farko a rayuwarsa, sai tausayi ya kama ni. Na sunkuya na ce masa a kunne, "In bar maka ɗan kaɗan a haɓa?"

"Aske," in ji shi, bai dube ni ba. "Na faɗa a gaban Fada."

Na aske. Gashi ya taru a ƙasa kamar an yi wa tunkiya sausaya, yara na wawaso. Jama'a na ta tsokana, wani na cewa a saƙa masa safa da shi, wani na cewa a kai wa Baba Hias ya toshe shinge. Da na kai ga haɓa na share kumfa, sai na ji surutun yana mutuwa daga layin gaba zuwa na baya.

Haɓa ce mai tsini. Ga siririn leɓe a kanta.

Kilian, mutum mai jikoki, ya cire hannu daga aljihu ya rufe kunnensa na dama. Fada ya ɓoye lofe a bayansa. Resi ta goge ludayi a zaninta ta gyara ɗankwali. Poldi ya fito daga ɗakin girki, ya dubi ubangidansa, ya ajiye tsiran a ƙasa ya ja da baya. Zenzi ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta ce a hankali, "Ni da na ɗauka mun binne ta."

"Me ya faru?" in ji Naz. "Me kuke kallo? Valtl, ba ni madubi."

Na miƙa masa. Ya ɗaga shi, ya duba. Na ga kafaɗunsa sun sauka, gwiwoyinsa sun haɗe, ya gyara zama a kujera kamar yaro a bencin coci. Ya buɗe baki, muryar da ta fito ƴar ƙarama ce.

"Inna," in ji shi, "yanzu zan je in kwaso wa Resi sandunanta."